Kuɗin Magani da Talakan Karkara: Tarihin Biya a Gabashin Sakkwato



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin tambaya guda: idan talakan ƙauye ya kwanta ciwo, wa yake biyan kuɗin maganinsa, da me ake biya, kuma a wane lokaci? Zan kafa misalaina a gabashin Sakkwato, watau ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, da ƙauyuka irin su Maikujera ta ƙasar Rabah. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga tarihi. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, a Rabah aka haifi Firimiyan Jihar Arewa, a Goronyo kuma aka datse Gulbin Rima. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi na 2019 ya nuna kusan kashi 88 cikin 100 na mutanen Jihar Sakkwato suna cikin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne.

Abin da nake so in tabbatar shi ne, ba a taɓa yin zamanin da talaka ya sami magani ba da biya ba. Kullum yana biya. Abin da ya sauya cikin shekaru ɗari biyu shi ne irin abin da ake biya da shi, da kuma lokacin biyan. Tsarin da muka wayi gari a cikinsa, watau tsabar kuɗi a hannu kafin a taɓa majinyaci, shi ne mafi tsanani a kan manomi daga cikin dukkan waɗanda aka gwada.

Kafin Zuwan Turawa

Muhammadu Bello ya riƙe sarautar Musulmi daga 1817 har zuwa rasuwarsa a Wurno a 1837. Ban da littattafansa na tarihi da mulki, ya yi wallafe-wallafe a kan ilmin ɗibbu da Larabci: ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da tsutsar ciki, da amfanin filasko. A cikin littafinsa Usul al-Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa masu magani tare da manoma da maƙera da maɗinka da marina, a matsayin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su, ya kuma ga an same su a kowane gari. Har ila yau, da Bature Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ɗaya daga cikin abubuwan da Bello ya nema a wurin Sarkin Ingila shi ne a aiko da likita ya zauna a ƙasar. Ke nan tun wancan lokaci shugabanni sun ɗauki samar da mai magani a matsayin haƙƙin talakawa a kansu.

To, amma wa talakan ƙauye yake zuwa wurinsa? Wanzami ne mai yin ƙaho da cire beli da kaciya, maɗori ne mai ɗaurin karaya, ungozoma ce mai yanke cibiya, sai kuma malami mai rubutu da boka mai sassaƙe da saiwa. Kowannensu ana biyansa, kuma harshenmu ya adana mana shaidar yadda ake biyan. Wanda ya je wurin malami yakan ajiye “kafin alƙalami”, watau ɗan abin da za a fara aiki da shi, sauran kuwa sai buƙata ta biya a kai sadaka. Wanzami yana da gidajen da yake yi wa aiki duk shekara, idan kaka ta yi a ba shi dami. Ungozoma tana da kasonta na hatsi da na naman suna.

Wannan tsari yana da siffofi uku. Na farko, ana biya da abin da gida yake da shi, ko gero ne ko kaza. Na biyu, ana iya jinkirta biya har amfanin gona ya zo gida. Na uku, mai magani ya san majinyaci ya san ubansa, saboda haka yana karɓa gwargwadon ƙarfin mutum. Wanda ya rasa gaba ɗaya kuwa, akwai dangi da zakka a bayansa.

Sai dai kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Idan agana ta shigo gari, ko sanƙarau, ko mace ta yi doguwar naƙuda, babu abin da ƙaho ko sassaƙe za su iya yi. Biya yana da sauƙi, amma ƙarfin maganin kaɗan ne, kuma yara sun yi ta mutuwa.

Zamanin En'e: Haraji da Nisa

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Likitocin da suka zo da su na sojoji ne da ma'aikatan gwamnati. Sai wajen 1930 En'e-En'e suka fara buɗe ɗakunan shan magani, watau disfensare, a garuruwan hakimai, da kuɗin Baitulmali. Kuɗin Baitulmali kuwa haraji ne da jangali. Saboda haka manomi ya riga ya biya kuɗin maganinsa tun ranar da ya kai harajinsa ga mai unguwa. Kowa ya san irin wahalar da haraji ya jawo, har mutane da yawa na Lardin Sakkwato suka riƙa tafiya cin rani domin su samo shi. Amma a lura da abu ɗaya: ana karɓarsa sau ɗaya a shekara, bayan kaka, daga masu lafiya, ana tara shi wuri guda. A bakin ƙofar disfensare galibi ba a neman wani kuɗi mai nauyi.

Tsadar wancan zamani ita ce nisa. Mutumin ƙauye irin Maikujera sai ya ɗora majinyaci a kan jaki ya nufi garin hakimi, idan abin ya fi ƙarfin malamin disfensare kuma sai birnin Sakkwato. Kowane wuni a hanya wuni ne da gona ta rasa. Matan aure kuwa, ga kulle, ga shi ma'aikacin namiji ne, saboda haka kaɗan daga cikinsu suka taɓa taka wurin.

Akwai kuma asibitocin mishan. A 1937 aka damƙa wa mishan ta SIM kula da mazaunin kutare na Amanawa, kudu da Sakkwato, a 1950 kuma ta buɗe asibitin Galmi a ƙasar Nijar, inda mutanen arewacin Sakkwato suka daɗe suna zuwa. A nan abin da iyaye da yawa suka ji tsoron biya shi ne addinin 'ya'yansu. Wannan ma tsada ce, ko da yake ba ta kwabo ba ce.

Daga Arzikin Mai zuwa “A Je a Sayo”

Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama hakimin Rabah a 1934, ya yi Firimiya daga 1954 zuwa 1966, kuma a zamaninsa aka ƙara yawan asibitoci da makarantun horar da ma'aikatan lafiya a Arewa. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur suka shigo. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya ɗauki alkawarin kai ƙananan asibitoci karkara. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka kuma maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi. A 1978 ƙasashen duniya suka hallara a Alma-Ata suka yi ƙudurin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. Dattawan da suke cewa a da ana ba da magani kyauta, waɗannan 'yan shekaru suke tunawa.

Abin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, a 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. A jawabin juyin mulki na ranar 31 ga Disamba, 1983, Birgediya Sani Abacha ya kafa hujja da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. A 1987 sai an ba da wajen naira 4 a sami dala. Tun da yake mafi yawan magunguna da sinadaransu daga waje ake shigo da su, faɗuwar naira tashin kuɗin magani ce kai tsaye.

A 1987 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka zaunar da sabon tsari. Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana ba ƙasashe matalauta shawarar su riƙa cajin marasa lafiya a asibitocin gwamnati. A watan Satumba kuma ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka amince da shirin sayar da magani a ƙananan asibitoci, a riƙa juya kuɗin ana sayo wani. Hujjar tana da ƙarfi: magani na kuɗi ya fi kantar da ba kome a kanta. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, mutum ne da ya himmatu ga lafiyar karkara, kuma a kan takarda an ce za a yafe wa marasa ƙarfi. Amma a ƙauyen da kusan kowa marar ƙarfi ne, wa ma'aikaci zai yafe wa, alhali da cinikin nan zai sake cika kanta?

Nan ma harshe ya ba da shaida. Kalmomin da suka zauna a bakin jama'a tun daga lokacin su ne kuɗin kati, kuɗin gado, kuɗin gwaji, kuɗin aiki, da jerin kayan haihuwa da ake miƙa wa miji: safar hannu, auduga, reza, ruwan ƙari. Sai kuma takardar da ake rubutawa a ce a je kemis a sayo. Dukkan siffofi ukun nan na tsohon tsari sun faɗi: ba a karɓar gero, ba a jiran kaka, kuma mai karɓar kuɗi bai san majinyaci ba.

Yadda Tsadar Take Aiki a Gidan Manomi

Domin a gane nauyin wannan, sai a dubi shekarar manomi. Ciwo ya fi yawa daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da sauro yake yaɗuwa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suke kama yara. A fadamun Rima, da wuraren noman rani na Wurno da na ƙasan dam ɗin Goronyo, wanda aka gama a 1984, ruwan da yake ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa shi ne kuma yake raya sauro da tsargiya. Farkon wannan lokaci kuwa shi ne rumbu yake ƙasa, hatsi yake tsada, gona take neman hannu. Watau ana neman tsabar kuɗi daga manomi a daidai watannin da ba ya da su.

Abin da yake biyo baya sananne ne. Da farko sai jinkiri: a jiƙa ganye, a ce bari a ga gobe. Sa'an nan a je kemis, a sayi magani gwargwadon kuɗin da ke hannu, na kwana uku ya koma na kwana ɗaya. Zazzaɓi ya lafa, ya dawo da ƙarfi. Idan yaro ya fara suma, ko jininsa ya ƙare, sai a ɗauki mota zuwa babban asibiti, daga can wataƙila a tura su Sakkwato, ga kuɗin mota, ga na jini, ga abincin mai jinya. Ciwon da kuɗi kaɗan za su kashe a ranar farko ya zama na dubbai a rana ta biyar.

Ina ake samo dubban? A sayar da akuyar uwargida, wadda ita ce ajiyarta. A ci bashin dami ɗaya a biya biyu da kaka. A jinginar da gona. Maigida ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani, ciyawa ta cinye tasa. Da haka ciwon wata guda yake rage amfanin shekara guda, gidan kuma ya shiga damina mai zuwa ya fi rauni. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. A gidan manomi ita ce kuma uwar rumbu.

Cikin gida ma nauyin ba daidai yake faɗuwa ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya tambayi mata abin da yake hana su zuwa asibiti: kashi 46 cikin 100 suka ce samun kuɗi, ya fi nisa, ya kuma fi neman izini. Sau da yawa ma abin da ake kira hana izini, kunyar magidanci ce ta cewa ba shi da ko kwabo. Binciken ya nuna a Jihar Sakkwato ba a kai haihuwa ɗaya cikin goma a asibiti ba, kuma cikin yara 1,000 da aka haifa, 197 ba su kai shekara biyar ba, alhali na ƙasa 132 ne. Cutar nan da likitoci suke kira Noma, mai zaizaye baki da fuskar yara, misali ce ƙarara: tana farawa da ciwon dasashi wanda magani mai araha zai tsayar, amma yunwa da jinkiri su mai da ita aikin tiyata. Yawanta ne ya sa aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999.

Daɗin daɗawa, ga rashin tsaro. Harin Tabanni na Yulin 2018 ya kori jama'a zuwa Gandi, a Oktoban 2021 kuma aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Dabbobin da manomi yake sayarwa ranar ciwo su ne ɓarayin daji suke korawa. A 2023 aka janye tallafin man fetur aka saki naira, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin mota da na magani suka tashi tare.

Inda Aka Ɗauke Kuɗi daga Bakin Ƙofa

Akan ce mutanen karkara ba sa son asibiti saboda jahilci ko al'ada. Tarihi bai goyi bayan wannan magana yadda ake zato ba. Rigakafin agana da aka bi gari gari da shi kyauta daga 1967 ya kawar da cutar daga Nijeriya a 1970. Maganin rigakafin zazzaɓi da aka fara raba wa yara gida gida da damina a Sakkwato da Zamfara a 2015, iyaye sun karɓe shi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aikin kula da mata da yara kyauta a Goronyo, kuma rashin tsaro ne ya sa ta rufe shi a 2013. A yammacin Kenya, masana biyu, Kremer da Miguel, sun gano cewa da aka sa ɗan kuɗi kaɗan a kan maganin tsutsar ciki na 'yan makaranta, masu shansa sun ragu da wajen kashi 80 cikin 100. Yuganda ta soke caji a asibitocin gwamnati a 2001, marasa lafiya, musamman matalauta, suka ƙaru nan da nan.

Darasin da ya fi kusa da mu na Nijar ne. A 2006 gwamnatinta ta yi dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, bayan ta riga ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa. Iyaye mata suka cika asibitoci a Maraɗi da Tawa da sauran jihohi. Amma gwamnati ta yi ta jinkirin mayar wa asibitocin kuɗinsu, bashi ya taru, kantoci suka bushe, aka koma rubuta takarda a ce a je a sayo. Ke nan kalmar “kyauta” ba ta sayen magani. Lalle ne wani ya biya, kuma ya biya a kan kari.

Kammalawa

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, adadin da Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. An yi dokar inshorar lafiya a 1999, ta fara aiki a 2005, amma galibin waɗanda suka amfana ma'aikatan gwamnati ne masu albashi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa ƙarfi, dokar 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, a Nuwamban 2024 kuma aka ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata matalauta. Jihar Sakkwato tana da hukumar lafiya ta taimakekeniya, tana kuma da hukumar zakka da waƙafi mai taimakon marasa lafiya. Duk da haka, bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci suke fitowa.

Tarihin da muka bi ya nuna mana inda za a gyara. Wanzami ya san a jira kaka. Baitulmali ya san a tara daga masu lafiya kafin ciwo ya zo. Likitancin zamani ya zo da maganin da yake warkarwa. Aikin da ya rage shi ne haɗa ukun nan. A karɓi gudummawar manomi da kaka, ko bayan cire albasa, lokacin da yake da abin bayarwa, ko da hatsi ne a kimanta shi. Wanda ba ya da shi, a biya masa daga asusun gwamnati da na zakka, a rubuta sunansa tun yana da lafiya. A sa kuɗin mota cikin lissafi, domin nisa bai gushe ba. A kuma aika wa ƙaramin asibiti kuɗinsa a kan lokaci.

Ku ma'aikata da kuke wannan zaure, da yawanku ana cire muku kaɗan daga albashi, ku nuna kati a duba iyalinku. Takardar biyan da take kwana wata uku a kan teburinku ita ce kantar da ba magani a Maikujera. Ku kuma ɗalibai, ungozomomi da wanzamai da tsofaffin malaman disfensare na Wurno da Rabah da Goronyo suna nan da sauran rai, kuma abin da suka sani game da yadda aka biya da yadda aka kasa biya bai shiga littafi ba. Ku je ku rubuta shi tun suna iya ba da labari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.